Ɗalibi ne ni, in sayi tsohuwar motar gudu mai turbo da ɗan kuɗin da na tara?

Ƙanena, na karanta tambayarka har sau biyu kafin in fara rubutu. Ka ce kai ɗalibi ne, ka yi wajen shekara biyu kana tara kuɗi da aikin hutu, ka ga wata motar gudu mai turbo da ta haura shekara 20, malejinta wajen kilomita 190,000, mai ita ya ce ya ɗan ƙara mata ƙarfi ya kuma canza salansa, kuɗinta zai cinye kusan duk abin da ka tara, kuma ita kaɗai ce za ta zama motarka ta zuwa makaranta da wurin aiki. Kana tambaya ka saya ko kar ka saya.

To wannan dai, a yadda ka kwatanta ta, kar ka saya. Kuma ba wai don turbo mugun abu ba ne, ni kaina ina son motocin nan sosai, na fi shekara 20 ina kwance injuna ina ɗaurawa kuma har yau in na ji turbo ya fara busa sai in ji daɗi a raina, don haka na san abin da kake ji in ka tsaya kana kallon hoton motar nan da daddare. Abubuwa uku ne suka haɗu a maganarka suka sa na ce a'a: kuɗin zai ƙare ƙaf ranar saye, an taɓa injin, kuma ba ka da wata motar da za ka hau ranar da wannan ta kwanta. Da ɗaya ne kawai daga ciki da sai mu zauna mu duba yadda za a yi. Amma ukun a tare, wallahi na ga inda hanyar nan take kaiwa sau da yawa.

Bari in fara da shi turbon kansa tunda shi ne ya ja hankalinka. Abu ne ɗan ƙarami, fanka biyu ne a jikin sanda ɗaya, hayaƙin da ke fita daga injin shi ke juya fanka ta farko, ita kuma ta biyun sai ta riƙa cusa iska cikin injin da ƙarfi, iska ta yi yawa sai a ƙara fetur, sai ƙaramin inji ya ba ka ƙarfin babba. Shikenan dabarar. Amma ka san sandar nan tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, ƙananan ma suna wuce 200,000, kuma hayaƙin da ke dukan fankar yana iya kai digiri 900 in ana taka mota da gaske, har gidan turbon ya yi ja kamar garwashi. Duk wannan juyi da wannan zafi, abin da ya raba ƙarfe da ƙarfe ɗan siririn bakin mai ne da ke ratsawa ta wani ƙaramin bututu, shi ne mai shafawa, shi ne kuma mai kwashe zafi. Kaga kenan rayuwar turbo gaba ɗaya tana hannun bakin mai. Wanda ya riƙa jinkirta sabis, ko yana zuba mai arha, ko yana tada mota da sanyin safiya ya taka totur nan take kafin mai ya zagaya, ko ya dawo daga gudu ya kashe inji nan take turbo na tafarfasa, man da ya rage a ciki sai ya ƙone ya zama gawayi ya fara toshe bututun nan a hankali. Kai kuma da ka zo saye bayan shekara 20 ba za ka ga ko ɗaya daga cikin wannan a jikin fenti ba.

Shi ya sa nake gaya wa duk wanda ya zo min da irin maganar nan cewa abin da yake saye da gaske shi ne halin mutanen da suka riƙe motar kafin shi. Kuma motar gudu mai arha yawanci ta ratsa hannu huɗu ko biyar, na farko mai kuɗi ne yana kai ta sabis kan lokaci, na biyu ma da dama-dama, daga na uku zuwa ƙasa galibi samari ne irinka da suka iya kuɗin saye amma kuɗin riƙo ya gagare su, kowa ya more ta iya morewa ya tura wa na gaba gyaran da ya ƙi yi. Farashinta ya faɗi, amma kayan gyaranta ba su faɗi ba, har yanzu kuɗin motar masu kuɗi ake sayar da su, wasu ma sun ƙara tsada don kamfani ya daina ƙera su.

Akwai wani yaro da ya taɓa kawo min tasa, ba zan manta ba, sati uku da saye. Ya ce fitilar mai tana ɗan ƙiftawa in mota tana silo, in ya taka sai ta ɗauke, shi ya sa bai damu ba. Na ce kar ka sake tada ta. Muka sauke tukunyar mai ta ƙasan inji, na ciro ragar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta, na miƙa masa a hannu. Ragar nan da ya kamata ka ɗaga ta ka hango haske ta cikinta, ta toshe da wani baƙin abu mai tauri kamar busasshiyar kwalta, sai ɗan wuri kamar faɗin farce ne ya rage a buɗe, ta nan duk injin da turbon suke shan mai. Na sa yatsa a ƙasan tukunyar na shafo, na nuna masa a hasken fitila, man yana ƙyalli da ƙananan burbushin ƙarfe masu launin tagulla, wato metal, siraran ƙarafan da babbar sandar inji ke juyawa a kansu, ya riga ya fara cinyewa. Yaron nan ya tsaya shiru ya riƙe ragar, can ya tambaye ni ko za a iya wankewa kawai a mayar. Na ji tausayinsa har cikin raina, don na san ba shi da kuɗin ɗaurin inji, kuma motar ta yi wata bakwai a ajiye kafin ya sayar da ita kusan rabin abin da ya biya. Bai yi laifin komai ba wajen tuƙi, sakacin wani ya gada.

Yanzu batun da ya fi damuna a tambayarka, wato an ɗan ƙara mata ƙarfi. Wannan kalmar ta "kaɗan" ita ce ba na yarda da ita. A jikin turbo akwai wata ƴar ƙofa da ke buɗewa ta saki hayaƙi ta gefe in matsin iska ya kai iyakar da kamfani ya sa, don kar abin ya wuce gona da iri. Hanya mafi arha ta ƙara ƙarfi ita ce a sa wani ɗan bawul a tiyon da ke sarrafa ƙofar nan a yaudare ta ta jinkirta buɗewa, nan take mota za ta ƙara ja, mai ita ya yi murna. Matsalar ita ce iska ta ƙaru amma famfon fetur da injekta tsofaffi ne, kwamfutar motar kuma ba a daidaita ta da sabon matsin ba, sai fetur ya yi ƙaranci a kan iska, zafi ya hau, wuta ta riƙa tashi a silinda ba bisa tsari ba, tana dukan fiston kamar ana buga masa guduma. Wani lokaci za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wani lokaci salansa mai ƙara ta rufe ba za ka ji komai ba, har sai bakin fiston inda ringi ke zama ya tsage. Ana iya ƙara ƙarfi yadda ya dace, da gwani, a kan na'urar gwaji, a canza famfo da injekta da kuloci, a ajiye takardun komai. In mai motar ya iya nuna maka wanda ya yi aikin da takardar sakamakon gwajin, to magana ta canza. In kuwa ya ce wani abokinsa ne ya yi, ko ya sauke manhajar daga intanet ya ɗura da kansa, ka yi masa godiya ka kama hanya.

Ka kula kuma da wadda aka mayar yadda take daga kamfani don a sayar. Za ka ga ƴan huji a jikin dashbod ko ginshiƙin gilashi inda aka cire agogunan auna matsi, wayoyi da aka yanke aka naɗe da salatif kusa da kwamfuta, notina masu sabon tabon sifana a jikin salansa alhali komai na kewaye ya yi tsatsa. Wannan ta sha wahala, an dai wanke mata fuska ne.

Ba ka faɗi irin motar ba, to bari in taɓo waɗanda aka fi tambayata a kansu, don kowace da ciwonta da aka san ta da shi. Nissan 300ZX mai turbo biyu da ta fito a 1989 kyakkyawa ce ƙwarai, amma ka buɗe bonet ka gani, ba inda za ka zura hannu, canza turbonta yawanci sai an ciro inji, zafin da ke taruwa a ciki kuma ya gasa wayarin da tiyoyi har suna karyewa in ka taɓa, kuɗin aikin hannu kaɗai ya isa ya durƙusar da ɗalibi. Mazda RX-7 ta shekarun 1990 ba ta da fiston ma sam, injinta mai juyawa ne, yana shan bakin mai da gangan don haka aka ƙera shi, ba ya yafe zafi ko sau ɗaya, turbonta biyu suna aiki bi da bi ta hanyar tarin ƙananan tiyoyi da in ɗaya ya tsage sai ka wuni kana nema, kuma ba kowane bakanike ne ya iya ta ba, ko auna matsinta sai da na'ura ta daban. Wannan ba motar farko ba ce, ko kyauta aka ba ka sai ka yi tunani. Toyota Supra ta ƙarshen shekarun 1980 mai inji 7M an san ta da ƙona gasket ɗin kai, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, in ba a riga an canza an ɗaure da kyau ba to yana nan tafe. Toyota MR2 mai turbo injinta mai ƙwari ne, amma a bayan direba yake, aiki a kansa da takura, kuma na farko-farkon suna da halin juyar da baya farat ɗaya in ka ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, har sai da Toyota ta gyara ƙafafunta a farkon shekarun 1990, sabon direba da wannan mota a kan jiƙaƙƙiyar hanya abin tsoro ne. Mitsubishi Eclipse ta 1995 zuwa 1999 injinta 4G63 yana ɗaukar ƙari sosai, shi ya sa ma da wuya ka samu wadda ba a taɓa ba, kuma wasunsu kuranshaf, wato babbar sandar da fiston ke juyawa, yana fara wasa gaba da baya. Subaru Impreza WRX tana riƙe hanya kamar an manna ta, amma injinta ba ya son ƙarancin mai ko fetur mara kyau, metal da bakin fiston ne ke fara tafiya, kuma da yake ƙafa huɗu ke ja, taya huɗun sai sun zama iri ɗaya masu cin da ya yi daidai, ba a canza ɗaya a bar uku. Audi TT ta farko, 1998 zuwa 2006, mai inji 1.8, ita ce mai ɗan sauƙi-sauƙi a cikinsu don injin yana cikin motocin Volkswagen da yawa, kaya ba sa wuya, amma bel ɗin taimin, wanda ke daidaita motsin bawul da na fiston, da famfon ruwa ba a wasa da su. BMW 335i ta 2006 zuwa sama tana da daɗin tuƙi ba kaɗan ba, sai dai famfon fetur mai matsi da injekta da famfon ruwa na lantarki duk kuɗi ne masu nauyi. Porsche 944 mai turbo kuwa, sunan kaɗai ya gaya maka yadda kayan gyaranta za su kasance.

Maganar bel ɗin taimin da na ambata, ka riƙe ta da kyau don ta shafi yawancinsu. A da yawa daga cikin waɗannan injuna in bel ɗin ya tsinke mota na tafiya, fiston zai haɗu da bawul, kan inji ya tashi aiki cikin daƙiƙa ɗaya. Roba ce, tana tsufa ko ana hawa ko ba a hawa, don haka shekaru ma ana lissafawa ba maleji kaɗai ba. In ba rasit da ke nuna ranar da aka canza, ka ɗauka ba a canza ba, ka sa kuɗinsa a lissafinka tun kafin ka yi tayi.

To lissafin kuɗin fa. Ni ƙa'idata ga tsohuwar mota mai turbo ita ce kuɗin saye kar ya wuce rabin abin da ke hannunka, in an matsa kashi biyu cikin uku, sauran a ajiye kar a taɓa. Ba wai tsoratarwa ba ce, ko motar lafiyayya ce watan farko sai ka canza bakin mai da filta, filogi, ruwan lagireto, man birki, man giya, bel in ba shaida, wataƙila taya, wataƙila tiyoyin ruwa da suka kumbura. Wannan kafin komai ya lalace kenan. Sannan ga na kullum: mai turbo tana son fetur mai babban lamba wanda ya fi tsada, kuma in kana taka ta, wanda na san za ka taka don ai abin da ya sa kake son ta kenan, tana sha kamar babbar mota. Bakin mai sai mai kyau irin wanda ake kira synthetic, kuma a riƙa canzawa da wuri. Tayoyinta masu faɗi ne, sun fi tsada sun fi saurin cinyewa. Sai inshora, wadda samari da yawa ke mantawa sai sun biya kuɗin mota, matashi da motar gudu su ne haɗin da kamfanonin inshora suka fi tsawwala wa kuɗi, a wasu wuraren kuɗin shekara ɗaya yana iya kusantar kuɗin motar kanta, kuma in an yi wa mota ƙari ba ka faɗa musu ba suna iya ƙin biya ranar da aka yi hatsari. Ka nemi farashin inshorar da lambar motar tun kafin ka je kallonta, minti goma ne, wani lokaci ma nan maganar take mutuwa.

Ka tambayi kanka wannan tsakaninka da Allah: in injin ya buga a tsakiyar zangon karatu, sati biyu kafin jarrabawa, ina da kuɗin wani injin? Ina da yadda zan je aji da wurin aiki wata biyu ba mota? Ina da inda zan ajiye ta ba a dame ni ba? Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, tsohuwar motar gudu za ta kwanta, ko ba jima ko ba daɗe, abin tambaya kawai shi ne ranar za ta same ka da shiri ko babu. Na ga yaran da suka ci bashi don gyara, na ga wanda ya ƙara awannin aiki har karatunsa ya taɓu, duk a kan mota. Wannan shi ne ya fi ci min rai, don karatun shi ne zai ba ka damar sayen wadda ta fi ta nan da ƴan shekaru.

Amma na san hali, wataƙila duk da haka za ka je ka gan ta, ko wata irinta. To in za ka je ga yadda za ka yi. Ka ce wa mai ita kar ya tada ta kafin ka zo, in ka isa ka ɗora hannu a kan inji ka tabbatar da sanyi, don inji mai ɗumi yana ɓoye abubuwa da yawa. Kafin a tada, ka zaro sandar auna mai ka duba ka sansana, ka buɗe murfin mai ka haska ciki da fitilar waya, in ka ga baƙin dasƙararren abu manne a jikin ƙarfe to ka tuna ragar da na ba ka labari. In ka ga wani abu fari-fari mai yauƙi a ƙarƙashin murfin, yana iya zama ruwa ne ke haɗuwa da mai, ko da yake motar da ake gajerun tafiye-tafiye da ita ma tana yin haka, sai a ƙara bincike. Ka duba ruwan lagireto, kar ka ga mai yana yawo a kai ko tsatsa. Ka kunna makulli ba tare da ka tada ba, duk fitilun gargaɗi su kama, musamman ta inji da ta mai, in ɗaya ba ta kama ba wani ya cire ƙwan ne ko ya rufe ta. Sai ka sa shi ya tada kai kana tsaye a baya kana kallon salansa. Shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi ruwa ne, baƙi kuma fetur ne ya yi yawa. Ka bar ta ta yi silo minti biyar zuwa goma sannan a taka, in ta tofo shuɗi a lokacin, turbo ko robobin bawul ne ake zargi. Kunnenka kuma yana kan injin, ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasa ba ta da magani mai arha.

A kan hanya, bayan ta yi zafi, ka sa babbar giya mota na tafiya a hankali ka taka totur sosai. In juyin inji ya tashi amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ya ƙare. In lafiya take za ka ji ƙarfin yana zuwa sumul yana ƙaruwa, ba shaƙewa ba tsinkewa. Ƴar busa siririya daga turbo ba komai, amma kuka kamar jiniya ko ƙarar gogar ƙarfe alama ce fanka tana taɓa gida. Idonka na kan allurar zafi duk tsawon tafiyar, kuma in kun dawo kar a kashe, a bar ta tsaye ka ga fankar lagireto ta tashi da kanta, ka leƙa ƙasa ko akwai ɗiga.

In ta tsallake wannan duka, to saura babban, kuma nan ne ba na sassautawa: ka kai ta wurin bakaniken da kai ka zaɓa, wanda ya san irin motar, ka biya shi ya duba. A auna matsin kowace silinda, lambobin su kasance kusa da juna, bambanci kar ya wuce wajen kashi 10 cikin 100, in ɗaya ta faɗi ƙasa sosai a yi gwajin hura iska a ji ta inda take zurarewa. A yi gwajin ruwan nan mai launin shuɗi a bakin lagireto, in ya koma rawaya hayaƙi yana shiga ruwa, gasket ya tafi. A cire tiyon gaban turbo a kama sandar da yatsa biyu a girgiza, ɗan motsi gefe da gefe ana samu, amma in tana shiga tana fita ko fankar ta karce gida, ya gama. A duba tiyon da ke zuwa na'urar sanyaya iska, ɗan dausayin mai ba laifi, amma in mai ya kwanta a ciki akwai magana. A jona kwamfuta in motar tana da wurin jonawa, yawancin na 1996 zuwa sama da aka sayar a Amurka suna da shi, na Turai kuma daga wajen 2001, kuma bakanike mai lura zai gane in an goge laifuffuka kwanan nan don gwaje-gwajen cikin kwamfutar za su nuna ba su kammala ba. A ɗaga ta sama a duba tsatsa a shasi da inda ƙafafu ke ɗaure, da alamar walda ko miƙe ƙarfe na tsohon hatsari, don inji ana canzawa amma ruɓaɓɓen shasi ba shi da gyara mai ma'ana. Tayoyi ma ka karanta lambobi huɗun da ke gefensu, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, 2315 na nufin sati na 23 a 2015, tsohuwar taya ko da zanenta bai cinye ba ta bushe ba ta kama hanya. Mai motar da ya ƙi yarda a kai ta wannan dubawa ya riga ya ba ka amsa. Kuma in ka samu mai tarin rasit na shekaru, komai nata na kamfani, ko da malejinta ya fi yawa ko fentinta ya koɗe, ta fi mai sheƙi da ba takarda ko ɗaya nesa ba kusa ba.

In da ƙanena ne na jini, abin da zan ce masa shi ne ya raba burin nan gida biyu. Yanzu ya sayi ƙaramar mota mara nauyi mara turbo mai giyar hannu, irin su Mazda MX-5 da ake yi tun 1989, ko Honda Civic mai ɗan kuzari, ko Toyota Celica mara turbo, waɗanda kayansu ke ko'ina kuma za ka iya koyon canza mai da birki da filogi da hannunka a kansu. Kar ka raina su, mota mara nauyi a kan kwana tana koya maka tuƙi fiye da mai ƙarfin da kake jin tsoron takawa, kuma a kanta za ka koyi jin inji da kunne, ka san ƙarar lafiya da ta ciwo, abin da zai cece ka ranar da ka tashi sayen mai turbon. Ita ma MX-5 ɗin a duba mata tsatsa a gefen ƙasa da bayan ƙofofi, nan ne ciwonta. Sauran kuɗin ka sayi kayan aiki masu kyau kaɗan-kaɗan, ka ci gaba da tarawa, in ka gama makaranta ka samu albashi da wurin ajiya sai ka nemo mai turbon a matsayin mota ta biyu, wadda in ta kwanta ba abin da zai tsaya a rayuwarka, ka gyara ta a nitse yadda take so.

In kuma zuciyarka ta kafe sai mai turbo yanzu, to aƙalla ka bar wannan da aka taɓa, ka nemi wadda ba a yi wa ƙari ba, mai turbo ɗaya, mai injin da ke cikin motoci da yawa, wadda kuɗinta bai wuce rabin abin hannunka ba. Ranar da ka kawo ta gida kar ka yarda da maganar an yi sabis kwanan nan, ka juye mai ka sa sabo da filta mai kyau, in da hali a sauke tukunyar ƙasa a duba ragar nan. Kullum da safe ka tuƙa ta a hankali minti goma kafin ka bari turbo ya busa, in ka dawo daga gudu ka sassauta a kilomita biyu-ukun ƙarshe ko ka bar ta ta yi silo minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe, ka riƙa duba mai duk sati, kuma shekarar farko kar ka ƙara mata komai, ko abokai sun dame ka.

Ka rubuto min sunan motar da shekararta da lambar injin, in kuma ka kai ta an auna matsin silinda ka turo min lambobin yadda suke, da hoton cikin murfin mai da na ƙarƙashin motar, zan duba maka in gaya maka abin da na gani.